Yadda ake haɗa maganin ƙarancin kotizol da maganin tayirod, mataki bayan mataki

Tambayar da 'yan'uwa mazauna Makka, Jidda da Madina suka fi yawan yi mini a kan ciwon tayirod iri biyu ce. Akwai wanda aka ɗora a kan Euthyrox, wato maganin ƙarancin tayirod, maimakon ya samu sauƙi sai jiri da tashin zuciya da kasala suka ƙaru. Akwai kuma wanda likita ya riga ya gaya masa cewa kotizol ɗinsa ya yi ƙasa, aka haɗa masa magunguna biyu ko uku, amma ba a zauna an yi masa bayanin wanne ne farko, wanne ake ninkawa, wanne kuma ba a taɓawa ba.

Tayirod shi ne naman da ke gaban wuya, wanda idan ya kumbura muke kira maƙoƙo, a asibitocin nan kuma ana ce masa gudda darƙiyya. Adirinal kuwa wasu 'yan ƙananan nama ne guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, ana ce musu gudda kazariyya, su ne ke samar da kotizol, sinadarin da ke riƙe awon jini da sukari da gishirin jiki, musamman lokacin ciwo. Dukkansu suna karɓar umarni daga wata 'yar ƙaramar gudda da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wato gudda nuhamiyya. Adadin da zan ambata a nan na manya ne, kuma likitanka ne zai yanke naka.

1. Tattara tarihinka kafin ranar ganin likita

Kasala da ciwon jiki suna cikin alamun cututtukan biyu, shi ya sa ake yawan ganin na tayirod a manta da ɗayan. Abin da ke bambanta su shi ne, mai ƙarancin tayirod kaɗai yakan yi ƙiba, ya riƙa jin sanyi, cikinsa ya bushe. Mai ƙarancin kotizol kuwa ramewa yake yi, abinci ya fita ransa, jiri ya ɗebe shi idan ya miƙe tsaye, ya riƙa kwaɗayin gishiri. Idan adirinal ɗin ne da kansa ya lalace, fata tana ƙara duhu, kuma a jikin baƙar fata an fi gane wannan a dasashi, da harshe, da zanen tafin hannu, da tsofaffin tabbai.

Ka rubuta amsar waɗannan a takarda: ko ka taɓa yin tarin fuka, domin yana cikin manyan abubuwan da ke lalata adirinal a ƙasashenmu, ko akwai ciwon sukari nau'i na 1 ko tayirod a dangi, ko an taɓa yi maka aiki a kai ko gashin na'ura irin na ciwon daji. Mace ta tuna ko ta taɓa zubar da jini mai yawa a haihuwa, daga nan ruwan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba. Wannan alama ce ta lalacewar gudda nuhamiyya, ana kiranta ciwon Sheehan, kuma takan kashe tayirod da adirinal tare.

Gargaɗi: kada kunya ta sa a ɓoye wa likita ƙwayoyin ƙiba, ko man hasken fata irin Dermovate da haɗe-haɗen da ake sayarwa ba lakabi, ko allurar gwiwa da ta baya. Yawancinsu suna ɗauke da kotizon, wato magani mai aiki irin na kotizol, kuma amfani da su fiye da mako 3 zuwa 4 yana iya sa adirinal ya daina aiki. Kada kuma a daina su rana ɗaya don an karanta wannan, a hankali ake janyewa a hannun likita.

2. Gwajin jini na safe

Kotizol yana kaiwa ƙololuwa da sassafe, ya yi ƙasa da dare, don haka jinin da aka ɗiba da yamma ba ya nuna komai. A ɗebi jinin tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe. A nemi kotizol da ACTH, wato sinadarin umarnin da gudda nuhamiyya ke aika wa adirinal, da sodiyam da fotasiyam da sukari, tare da TSH, wato umarninta ga tayirod, da FT4, sinadarin da tayirod ke samarwa, a zama ɗaya.

Idan sakamakon kotizol ya yi ƙasa da 150 nmol/L, wato kusan 5 mcg/dL, zato ya yi ƙarfi. Idan ya haura 300 nmol/L, galibi hankali yakan kwanta, sai dai idan alamun sun yi yawa. Abin da ya faɗo tsakani shi ake yi wa gwajin Synacthen: a ɗebi jini, a yi allurar mikirogiram 250, a sake ɗiba bayan minti 30 da kuma 60, a ga ko adirinal ya amsa. Tsofaffin na'urori suna neman ya kai kusan 500 nmol/L, sababbi kuma ƙasa da haka, saboda haka a bi iyakar da ɗakin gwajin ya rubuta. A kula da ma'aunin da ke jikin takardar, domin na sha ganin wanda ya firgita da lamba 12 alhali mcg/dL ce.

Gargaɗi: ƙwayoyin tazarar haihuwa masu isturojin suna ɗaga lambar kotizol ta ƙarya, har mai ciwo ta fito kamar lafiyayya, kuma ana bukatar kusan mako 6 da barinsu kafin gwajin ya zama abin dogaro. Wanda ke aikin dare, ko wanda barcinsa ya juye kamar yadda yake faruwa da yawancinmu a watan azumi, ya gaya wa likita, domin safiyar agogo ba ita ce safiyar jikinsa ba. Maganin gashi da farce mai bayotin yana rikita gwajin tayirod, a bar shi kwana 2 zuwa 3 kafin a je.

3. Kotizol farko, tayirod daga baya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Maganin tayirod yana hanzarta aikin jiki gaba ɗaya, yana kuma sa hanta ta riƙa kawar da kotizol da sauri. Wanda ɗan kotizol ɗin da ya rage masa ne ke riƙe da shi, idan aka ba shi maganin tayirod kafin a cike giɓin, bukata ta ƙaru a daidai lokacin da abin ya ragu, sai awon jini ya faɗi, ya shiga halin da ake kira rikicin adirinal, wanda yake kisa. Don haka idan an tabbatar da cututtukan biyu, ana fara haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotizol, wanda aka rubuta hydrocortisone a jikin kwali, a ba shi wasu kwanaki ya zauna, sannan a shigo da maganin tayirod.

Akwai wani abu da ya sa gaggawa ba ta da amfani. Ƙarancin kotizol shi kaɗai yana iya ɗaga TSH kaɗan, kuma bayan an fara haidirokotizon sai ya dawo daidai ba tare da maganin tayirod ba. Idan hawan bai yi yawa ba kuma FT4 lafiya lau, likita yakan jira 'yan makonni ya sake gwadawa, kuma a ganina wannan jiran ya fi ɗora mutum a kan maganin da zai sha har ƙarshen rayuwa bisa kuskure.

Gargaɗi: idan ka riga ka fara Euthyrox sai ka ga jiri da amai da rama suna ƙaruwa, kada ka ƙara adadinsa da tunanin bai isa ba. Ka koma asibiti a cikin kwana ɗaya ko biyu, ka nemi a gwada kotizol, idan kuwa ba ka iya tsayuwa, sashen gaggawa za a kai ka.

4. Tsara lokutan sha

Babban mutum yakan sha miligiram 15 zuwa 25 na haidirokotizon a yini, a raba sau 2 ko 3, mafi yawa da safe. Tsarin da aka fi bayarwa shi ne 10 da tashi daga barci, 5 wajen Azahar, 5 bayan La'asar. Kada na ƙarshen ya wuce ƙarfe 5 ko 6 na yamma, in ba haka ba zai hana barci. Wasu ana ba su firednisolon miligiram 3 zuwa 5 sau ɗaya da safe a madadinsa.

Maganin tayirod da ruwa zalla ake shansa, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Gahawa da shayi mai madara da laban suna rage shigarsa jiki. Maganin ƙarin jini, da kalsiyam, da maganin ƙwannafi, a nisanta su da shi awa 4. Babu laifi a haɗiye shi tare da haidirokotizon na safe, ba sa hana juna aiki. Ga wanda ke tashi sallar Asuba ya koma ya kwanta, abin da ya fi sauƙi shi ne ya sha na tayirod a lokacin sallar, ya ajiye haidirokotizon a gefen gado sai ya tashi tashin fita.

A adadin maganin tayirod kuwa, matashi mai lafiyar zuciya ana iya kai shi kusan mikirogiram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa, amma dattijo da mai ciwon zuciya daga 25 ko 50 ake farawa, a hau a hankali.

Gargaɗi: mantuwa ba ɗaya ba ce a magungunan biyu. Maganin tayirod yana daɗewa a jini kusan mako guda, rasa shi na yini ɗaya ba ya kayar da mutum. Haidirokotizon kuwa cikin 'yan awanni yake ƙarewa, saboda haka da zarar an tuna a sha, kuma ba a barinsa ko da an ji an warke.

5. Zafi, gumi da gishiri

Idan adirinal ɗin ne da kansa ya lalace, wato ciwon Addison, to aldostiron ma ya ragu, shi ne sinadarin da ke hana gishiri zurarewa ta fitsari. Ana maye gurbinsa da fuludirokotizon, wanda aka fi sani da Florinef, yawanci mikirogiram 50 zuwa 200 sau ɗaya da safe. Wanda matsalarsa daga gudda nuhamiyya take, ko daga shan kotizon, galibi ba ya bukatarsa.

A ƙasa mai zafi irin Saudiyya, adadin da ya ishi mutum a watan Janairu zai iya gaza masa a Yuli. Mai Addison ba ya rage gishiri a abinci kamar mai hawan jini, kuma kafin zafi ya kankama ya kamata ya koma a duba sodiyam da fotasiyam da renin, sinadarin ƙoda da ke nuna ko Florinef ya isa, a auna jininsa a kwance da a tsaye. Kwaɗayin gishiri da jiri alamar ƙaranci ne, kumburin ƙafa da hawan jini alamar yawa. Direbobi da masu aikin gini su yi amfani da dokar hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, wadda ke aiki daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, su riƙe ruwa da garin gishiri da sukari na gudawa.

Gargaɗi: kada a bar magani a cikin mota. Zafi yana raunana maganin tayirod, wasu nau'o'in Florinef kuma a firiji ake ajiye su, a karanta takardar cikin kwali.

6. Ranar rashin lafiya

Lafiyayyen adirinal yana ƙara kotizol da kansa idan ciwo ya zo. Kai kuwa da hannunka za ka yi wannan aikin, shi ya sa ma'aunin zafin jiki ya zama dole a gida. Idan zazzaɓi ya kai 38, ko ciwo ya kwantar da kai, ko an ɗora ka a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka ninka haidirokotizon sau 2. Idan ya kai 39, sau 3. Ka ci gaba har ka warke, yawanci kwana 2 zuwa 3, sannan ka koma adadinka, ka kuma nemi maganin ainihin ciwon da ya kawo zazzaɓin.

Maganin da ke maye gurbin kotizol kaɗai ake ninkawa. Ba a ninka Euthyrox, ba a ninka Florinef. Mura maras zazzaɓi da ɓacin ran yau da kullum ba sa bukatar ƙari, kuma wanda ya mayar da ƙari al'ada zai ga fuska ta yi faɗi, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni.

Kafin cire haƙori, ko sa kyamara a ciki, ko tiyata, ko haihuwa, a sanar da likita tun da wuri. A babbar tiyata ana ba da miligiram 100 ta jijiya kafin a fara, a ci gaba da kusan 200 cikin awa 24.

Gargaɗi: rifamfisin na tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya irin Tegretol, suna sa jiki ya cinye haidirokotizon da maganin tayirod da sauri. Duk likitan da zai rubuta maka sabon magani, ka nuna masa tsofaffin.

7. Allurar gaggawa

Amai da gudawa su ne suka fi jefa mutane cikin rikicin adirinal, domin ƙwayar ba ta zama a ciki. Idan ka yi amai cikin minti 30 da sha, ka sake sha. Idan ya sake fitowa, ko gudawa ta yi tsanani, ko ka fara ruɗewa, ko barci mai nauyi ya danne ka, ko ba ka iya miƙewa, lokacin allura ya yi.

Kayan su ne kwalbar Solu-Cortef, wato haidirokotizon na allura, ta miligiram 100, da sirinji, da allurar tsoka, da audugar gogewa, duka a jaka ɗaya. Idan kwalbar mai ɗaki biyu ce, a danna murfin har ruwan ya sauka kan garin, a jujjuya ya narke. Idan gari ne kaɗai, a zuba masa mililita 2 na ruwan allura. A zuƙe duka, a soka a tsaye a tsakiyar cinya ta gefen waje, a tura gaba ɗaya. Daga nan a kira motar Hilalul Ahmar a 997, mara lafiya ya kwanta, ƙafafu a ɗage. Allurar ba ta maye gurbin asibiti, domin can ne za a yi ƙarin ruwan gishiri, yawanci lita ɗaya a awar farko.

Mutum biyu a gida su koya a hannun ma'aikaciyar jinya tun ana lafiya, domin mai ciwon a lokacin ba ya iya yi wa kansa komai. A riƙe kati da Larabci da Turanci a bayan iƙama ko katin shaida, kuma kowa a gidan ya haddace kalmomin da za a faɗa a ƙofar gaggawa: ƙusur fil gudda kazariyya, yana bukatar haidirokotizon yanzu.

Gargaɗi: idan ana shakka, a yi allurar. Miligiram 100 sau ɗaya ba ya cutar da wanda bai bukace shi ba, jinkirin awa guda kuwa yana iya cin rai.

8. Azumi, umra da hajji

A ga likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan. Wanda aka gano ciwonsa kwanan nan, ko ya shiga rikici a cikin shekarar, ko mai juna biyu, ko mai shan insulin, shawarar likitoci ita ce kada ya yi azumi, kuma rangwamen mara lafiya yana nan a aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara. Wanda ciwonsa ya daidaita, likita yakan mayar da shi kan firednisolon sau ɗaya a sahur domin ya fi daɗewa, ko ya bar shi a kan haidirokotizon, babban kaso a ƙarshen sahur, ƙarami a buɗa baki. Florinef a sahur ake sha. Maganin tayirod kuma ko dai minti 30 zuwa 60 kafin sahur, ko a buɗa baki da shi da ruwa a jinkirta abinci har bayan sallar Magariba. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai har salla.

Idan jiri mai ƙarfi, ko amai, ko zazzaɓi ya zo da rana, a karya azumin nan take a sha magani. A guji irƙ sus, abin sha na saiwa mai zaƙi da ake kira licorice, wanda ake yawan sha a buɗa baki, domin yana ƙara ƙarfin kotizol a ƙoda, ya ɗaga jini, ya zubar da fotasiyam.

A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Mai ƙarancin kotizol ya yi ɗawafi da sa'ayi da dare, ya riƙe laima, ya tambayi likita ko zai ƙara miligiram 5 zuwa 10 kafin doguwar tafiya, ya kuma wakilta wani a jifa idan jiki ya gaza. Allurar ta kasance a jakar kugu, kada a bar ta a tanti a Mina.

9. Kuɗi da samun magani

Ƙwayoyin ba su da tsada idan aka kwatanta da gwaje-gwajen, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ce ke yanke farashi, don haka yawo daga wannan saidaliyya, wato kantin magani, zuwa waccan neman rahusa ɓata lokaci ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne ganin likitan gudad, wato ƙwararre a kan tayirod da adirinal da makamantansu, da gwajin ACTH, da renin, da Synacthen. Ɗan ƙasa yana farawa daga cibiyar lafiya ta unguwarsa ta manhajar Sehhaty, ya karɓi magani ta tsarin Wasfaty. Mai inshorar wurin aiki ya nemi likita ya tura takardar neman amincewa kafin ranar gwajin. Wanda ba shi da ko ɗaya ya fara da kotizol na safe da sodiyam da fotasiyam, ya kuma tuntuɓi ƙungiyoyin agajin lafiya irin Jam'iyyar Zamzam ta Jidda. Layin 937 na ma'aikatar lafiya yana ba da shawarar likita ta waya.

Haidirokotizon da Florinef ba kowace saidaliyya ke ajiye su ba. A riƙa sabuntawa tun da sauran na mako 2, a nemi likita ya rubuta ƙari saboda ranakun ninkawa. Mai tafiya gida Najeriya ko Nijar ko Sudan ya ɗauki ninkin abin da zai sha, a jakar hannu, tare da rahoton likita.

Gargaɗi: kada a kashe kuɗi a kan abin da ake tallatawa da sunan gajiyar adirinal, da gwajin yawu na intanet, da ƙwayoyin ƙarfafa gudda. Likitocin fannin ba su amince da wannan a matsayin cuta ba, kuma an samu wasu daga cikin ƙwayoyin da kotizon ko sinadarin tayirod a ɓoye.

10. Bibiya

Ana sake gwajin tayirod mako 6 zuwa 8 bayan kowane canjin adadi, a ɗebi jinin kafin a sha ƙwayar ranar. Idan ciwon daga gudda nuhamiyya yake, TSH ba ya shiryar da komai, FT4 ake bi, a nemi ya zauna a rabin sama na iyakar. Haidirokotizon kuwa ba a daidaita shi da lambar kotizol, da nauyi da awon jini da ƙarfin jiki ake gane shi. Duk lokacin da aka ƙara Euthyrox, a sa ido mako 2 zuwa 3 ko jiri zai dawo, kuma bugun zuciya da rawar hannu da yawan gumi alama ce ta cewa ya yi yawa.

Mace da ta samu ciki ta sanar da likita a makon da ta gane, domin maganin tayirod yakan bukaci ƙarin kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 tun farkon ciki, haidirokotizon kuma a watanni ukun ƙarshe, sannan ana ba da shi ta jijiya lokacin naƙuda. Bayan abubuwa sun daidaita, a ga likita duk wata 6 zuwa 12, a duba sukari da bitamin B12 idan ciwon na garkuwar jiki ne, a kuma fito da kwalbar Solu-Cortef a karanta ranar ƙarewarta, a canja ta idan lokaci ya kusa.